Gubar Dayoksin a Abincin Kaji da Hukuncin Masu Zaɓe: Nazarin Abin da Ya Faru a Beljiyam a 1999

## Yanayin ƙasar kafin aukuwar lamarin

A ƙarshen shekarun 1990 mutanen Beljiyam ba su wuce kimanin miliyan 10 ba, amma kajin da aladun da shanun da ake kiwo a ƙasar sun fi ƙarfin bakin mutanenta nesa ba kusa ba, don haka kaso mai yawa na naman da ƙwan da kayan madarar da take samarwa ƙasashen waje ake kai su. Mafi yawan manyan gonakin kiwon suna yankin Filandas da ke arewacin ƙasar, kuma ba su haɗa abincin dabbobinsu da kansu, daga masana'antu suke saye. Masana'antun kuwa suna gauraya hatsi da waken suya da kitse, domin kitse ne ke sa dabba ta yi nauyi da wuri. Kitsen yana fitowa daga mayanka, wani kuma daga tsohon man suya da ake tattarawa a narkar a sake sayarwa.

Sa ido a kan wannan doguwar hanya a rabe yake tsakanin ma'aikatu biyu. Ma'aikatar Gona ce ke duba abincin dabbobi da dabbar da ke raye a gona, Ma'aikatar Lafiya kuma ke duba nama a mayanka da abin da ke kan kanta a kasuwa. Ma'aikatar Gonar ita ce kuma mai kare muradun manoma, kuma ta daɗe a hannun jam'iyyar CVP ta Kiristoci masu ra'ayin dimokuraɗiyya, wadda ke da daɗaɗɗiyar alaƙa da babbar ƙungiyar manoman Filandas mai suna Boerenbond.

Jama'a ba su shiga shekarar 1999 da cikakkiyar amincewa ga hukumominsu ba. A ranar 20 ga Fabrairu 1995 aka harbe Karel Van Noppen, wani likitan dabbobi na gwamnati da ke bibiyar masu yi wa shanu allurar ƙiba ta haram. A watan Maris na 1996 batun cutar haukar shanu ya fashe a Birtaniya, ya girgiza kasuwar nama a duk faɗin Turai. A watan Oktoba na wannan shekara kimanin mutum 300,000 suka yi tattaki cikin fararen kaya a babban birnin ƙasar saboda sakacin 'yan sanda da kotuna a shari'ar Marc Dutroux, mai sace yara yana kashewa. Duk da haka, Firaminista Jean-Luc Dehaene, wanda ke mulki tun 1992 da haɗakar jam'iyyu huɗu, ya yi nasarar shigar da ƙasar cikin tsarin kuɗin yuro a ranar 1 ga Janairu 1999, kuma ana kyautata zaton zai koma kujerarsa a zaɓen 13 ga Yuni. A Beljiyam jefa ƙuri'a a zaɓen tarayya wajibi ne bisa doka.

## Janairu zuwa Afrilu 1999: kaji sun fara nuna alama

A tsakiyar watan Janairu wani mai na masana'antu, irin wanda ake zubawa a taransifoma, ya shiga cikin tankin kitse na wani kamfanin narkar da kitse da ke kusa da birnin Gent. Bincike daga baya ya bi sawun kitsen zuwa wani kamfani a yankin Waloniya da ke kudancin ƙasar, mai tattara tsohon man suya daga wuraren da jama'a ke kai shara. Masana sun ƙiyasta cewa abin da ya shiga ya kai kilo 50 na sinadarin PCB, wanda ke cikin wannan mai na taransifoma, tare da kusan giram 1 na dayoksin, kuma ya gurɓata tan 500 na abincin dabbobi, wanda aka rarraba a Beljiyam, ƙalilan kuma ya tsallaka Holan da Faransa da Jamus. Giram ɗaya ba ya cika ƙaramin cokali, amma dayoksin guba ce da ake aunawa da kashi ɗaya cikin tiriliyan na giram. Tana narkewa a cikin kitse, tana taruwa a jikin dabba da na mutum tsawon shekaru, kuma a 1997 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya mafi haɗari a danginta cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo ciwon daji.

Wanda ya fara ganin matsalar shi ne wani kamfanin abincin kaji a yammacin Filandas, domin a watan Fabrairu gonakin da yake kai wa kaya suka fara kuka: kaji sun rage yin ƙwai, ƙwan da aka sa a injin ƙyanƙyasa ba ya fashewa yadda aka saba, 'yan tsakin da suka fito kuma suna kumburi, ciki na tara ruwa, suna tangaɗi suna mutuwa. Kamfanin ya sanar da kamfanin inshorarsa, shi kuma ya naɗa wani likitan dabbobi ya binciki asarar. Wannan likita a lokaci guda babban jami'i ne a sashen duba nama na gwamnati a yankin, abin da ya jawo tambayoyi da yawa daga baya. Binciken farko bai gano wata cuta mai yaɗuwa ba, sai zargi ya koma kan abincin, musamman kitsen da ke cikinsa, ganin cewa alamomin sun yi kama da wata annobar kumburin 'yan tsaki da aka gani a Amurka a 1957, wadda ita ma gurɓataccen kitse ne ya haddasa ta.

A watan Maris aka aika samfuri zuwa ɗakin gwaje-gwaje na RIKILT da ke Wageningen a ƙasar Holan. Gwajin dayoksin yana da tsada, yana ɗaukar makonni, kuma wuraren da suka iya shi a lokacin ba su da yawa. Sakamako ya fito a ranar 26 ga Afrilu, ya nuna dayoksin a abincin da kuma kitsen kaza a mizanin da ya ninka abin da aka saba gani sau ɗaruruwa. Zuwa wannan rana kajin da suka ci abincin Janairu da yawansu an riga an yanka, an sayar, an cinye.

## 26 ga Afrilu zuwa 27 ga Mayu: aiki a ɓoye

Kafin watan Afrilu ya ƙare, ma'aikatun biyu sun samu labari. Matakin da suka ɗauka shi ne bin sawun kitsen a asirce, da dakatar da wasu gonaki, da aika ƙarin samfura domin a tabbatar ko gubar ta kai ga ƙwai da naman da ke kasuwa. Ba a sanar da jama'a ba, ba a kuma sanar da Hukumar Tarayyar Turai ba, alhali ƙa'idojin Tarayyar sun wajabta hakan. Hujjar da jami'ai suka bayar daga baya ita ce ba su so su tayar da hankalin jama'a su kuma rusa kasuwa kafin su samu cikakken tabbaci.

Wannan hanya ba ta yi aiki ba saboda dalilai da ke cikin tsarin kansa. Takardun kamfanin kitsen ba su nuna a fili wane kaya ya tafi wurin wa ba, masana'antun abinci sun gauraya kitsen da wasu kaya, kuma bayanan gonaki suna hannun ma'aikata ɗaya yayin da na mayanka suke hannun ɗayar. Kowane sabon samfuri kuma sai ya jira makonni. A cikin waɗannan kwanaki 31 mutane sun ci gaba da sayen kaji da ƙwai ba tare da sanin komai ba.

## 27 ga Mayu zuwa 12 ga Yuni: asiri ya tonu ana dab da zaɓe

A ranar 27 ga Mayu gidan talabijin na VRT ya bayyana labarin. Washegari gwamnati ta ba da umarnin kwashe kaji da ƙwai daga kantuna. A ranar 1 ga Yuni, bayan jagoran adawa Guy Verhofstadt ya kai wa Firaminista rahoton likitan dabbobin nan, wanda ya nuna cewa ma'aikatun sun san da batun tun ƙarshen Afrilu, Ministan Lafiya Marcel Colla da Ministan Gona Karel Pinxten suka ajiye aiki. Dehaene ya baro taron shugabannin Turai da ake yi a birnin Kolon na Jamus kafin a tashi, ya dawo gida ya rungumi matsalar da kansa.

Hukumar Tarayyar Turai ta zargi Beljiyam da jinkirin sanarwa, ta kuma umarci a janye a lalata kaji da ƙwai daga gonakin da ake zargi waɗanda aka samar tsakanin 15 ga Janairu da 1 ga Yuni, har da duk abincin da ƙwai ya haura kashi 2 cikin 100 a cikinsa. Cikin kwanaki kaɗan matakin ya haɗa da naman alade da na shanu da kayan madara. Amurka da ƙasashe da dama a Asiya da wasu nahiyoyi suka rufe ƙofarsu ga kayan Beljiyam, wasu ma ga na Turai baki ɗaya.

A cikin gida, abin da ya fi ɗaga hankalin mai sayayya shi ne yadda jerin kayan da aka haramta yake sauyawa kusan kullum. Yau kaza da ƙwai ne, gobe a ƙara kek da biskit da duk abin da aka kwaɓa da ƙwai, jibi a ƙara nama mai kitse da man shanu. An dakatar da yanka na ɗan lokaci, sassan kantuna suka zama wayam, masu iko suka riƙa tsallaka iyaka zuwa Faransa ko Holan domin cefane. Adadin gonakin da ake zargi shi ma ya yi ta hauhawa har ya haura 2,500, domin duk gonar da ba a iya wanke ta da takarda ba sai a rufe ta. Ƙoƙarin gwamnati na kwantar da hankali ta hanyar sanarwa bai yi tasiri ba, tunda masu sanarwar su ne waɗanda aka kama da yin shiru wata guda.

Ana cikin haka, a ranar 8 ga Yuni, wasu ɗalibai a garin Bornem suka yi rashin lafiya bayan shan Coca-Cola, wasu ɗaruruwa a sassan ƙasar suka biyo baya da irin wannan ƙorafi, har gwamnati ta hana sayar da kayan kamfanin na wasu kwanaki. Masu binciken lafiya daga baya sun danganta mafi yawan alamomin da firgici da ya yaɗu tsakanin jama'a. Lamarin bai da alaƙa da dayoksin, amma ya nuna halin da zukata suke ciki a makon zaɓe.

## 13 ga Yuni: abin da akwatin zaɓe ya nuna

Majalisar Wakilai tana da kujeru 150. Jam'iyyu huɗun da ke mulki sun shiga zaɓe da kujeru 82, suka fito da 65. CVP ta sauko daga 29 zuwa 22, takwararta PSC ta masu magana da Faransanci daga 12 zuwa 10, jam'iyyar gurguzu ta SP, wadda Colla ya fito daga cikinta, daga 20 zuwa 14, sai takwararta PS ta masu magana da Faransanci daga 21 zuwa 19. Jam'iyyun kare muhalli biyu ne suka fi kowa cin riba: Ecolo ta tashi daga 6 zuwa 11, Agalev daga 5 zuwa 9. Jam'iyyar VLD ta masu sassaucin ra'ayi, wadda Verhofstadt ke jagoranta, ta samu 23, ta zama mafi girma a majalisa da ratar kujera ɗaya, yayin da Vlaams Blok mai tsattsauran ra'ayin ƙyamar baƙi ta tashi daga 11 zuwa 15.

Dehaene ya miƙa takardar murabus washegari. A ranar 12 ga Yuli aka rantsar da Verhofstadt a matsayin Firaminista da haɗakar masu sassaucin ra'ayi da 'yan gurguzu da masu kare muhalli, kuma wannan ne karo na farko tun 1958 da aka kafa gwamnati a Beljiyam ba tare da jam'iyyun Kiristoci ba. Magda Aelvoet ta Agalev ta karɓi ma'aikatar da aka haɗa wa kare masu sayayya da lafiya da muhalli.

## Yuni 1999 zuwa 2003: abin da ya yi aiki

Mataki na farko da ya warware ƙulli na fasaha ne. Tunda PCB da dayoksin tare suka shigo, kuma PCB ɗin ya ninka dayoksin kusan sau 50,000, sai aka lura cewa ba dole ba ne a nemi dayoksin kai tsaye a kowane samfuri. Gwajin PCB yana da araha, ɗakunan gwaji da yawa sun iya shi, kuma yana fitowa cikin 'yan kwanaki. Aka kafa iyaka ta nanogiram 200 (nanogiram kashi ɗaya ne cikin biliyan na giram) a kowane giram na kitse, a jimillar nau'o'in PCB guda 7 da aka zaɓa a matsayin manuniya. Da wannan aka gwada dubban samfura, aka riƙa buɗe gonakin da suka kuɓuta ɗaya bayan ɗaya, aka kuma gano cewa waɗanda suka gurɓata da gaske 'yan tsiraru ne a cikin waɗanda aka rufe. Duk da haka an hallaka kimanin kaji miliyan 7 da dubun-dubatar aladu, asarar kuma ta kai ɗaruruwan miliyoyin yuro. Tarayyar Turai ta sassauta takunkumin sannu a hankali bisa shaidar gwaji.

Mataki na biyu na doka ne. Majalisa ta kafa kwamitin bincike wanda ya miƙa rahoto a watan Maris na 2000, amma tun kafin nan, a ranar 4 ga Fabrairu 2000, aka zartar da dokar kafa hukumar gwamnatin tarayyar Beljiyam guda ɗaya mai kula da lafiyar abinci, wadda ake kira FAVV da harshen Holanci, AFSCA da Faransanci. An tattara sassan sa ido da ke warwatse a ma'aikatu biyu aka damƙa mata, tun daga abincin dabba har zuwa kantin da ake sayar da nama. An hana zuba tsohon man suya a abincin dabbobi, an kafa gwajin PCB da dayoksin na yau da kullum. Wata doka ta 14 ga Nuwamba 2003 ta ɗora wa kowane kamfani nauyin binciken kansa, da ajiye bayanin inda kayansa suka fito da inda suka tafi, da sanar da hukuma nan take idan ya ga alamar haɗari.

Tasirin bai tsaya a Beljiyam ba. Wannan lamari da na haukar shanu su ne suka kai ga dokar abinci ta Tarayyar Turai mai lamba 178/2002, wadda ta kafa hukumar EFSA mai kula da lafiyar abinci a Tarayyar Turai, ta kuma ƙarfafa tsarin sanarwar gaggawa tsakanin ƙasashe. Da ikon da wannan doka ta bayar ne Tarayyar ta dakatar da shigo da busasshen wake daga Nijeriya a watan Yuni na 2015 saboda ragowar maganin ƙwari na dichlorvos, matakin da ya taɓa manoma da 'yan kasuwar wake a Arewa kai tsaye.

Game da illar gubar ga lafiyar mutane, masana sun rabu biyu. Wani rukuni ya ƙiyasta ƙarin masu ciwon daji tsakanin 40 da 8,000, wani kuma ya ga cewa ƙarancin kayan da suka gurɓata da gajartar lokacin sun sa da wuya a samu illa a kan yawancin jama'a.

## 2003 zuwa 2017: bayan ƙura ta lafa

A zaɓen 18 ga Mayu 2003 Agalev ta rasa dukkan kujerunta 9 a Majalisar Wakilai, Ecolo kuma ta koma 4. Batun abinci bai kasance a sahun gaba a yaƙin neman zaɓen ba. Hukumar da aka kafa ta ci gaba da aiki a ƙarƙashin gwamnatocin da suka biyo baya. Masu kamfanin kitsen kuwa sai a 2009 wata kotu a Gent ta same su da laifi, shekara goma bayan aukuwar lamarin.

A 2017 tsarin ya fuskanci jarrabawa mai kama da ta farko, lokacin da aka gano maganin ƙwari na fipronil a cikin ƙwai, wanda ya shigo ta hanyar feshin kashe ƙwarƙwatar kaji. Wani kamfani ne ya gano shi ta binciken kansa ya kuma sanar da hukumar FAVV a ranar 2 ga Yuni, kamar yadda dokar 2003 ta tanada. Hukumar ba ta sanar da sauran ƙasashen Turai ba sai ranar 20 ga Yuli, tana mai kafa hujja da sirrin binciken shari'a da kuma jiran bayanai daga Holan.

## Hukunci a kan lamarin

Ba daidai ba ne a ce dayoksin kaɗai ya kayar da gwamnatin Dehaene. Jam'iyyun muhalli sun fara ƙarfi tun kafin watan Mayu, shari'ar Dutroux ta riga ta zubar da mutuncin hukumomi, kuma kujeru huɗun da Vlaams Blok ta ƙara suna nuna cewa wani ɓangare na ƙuri'un fushi ne da masu mulki gaba ɗaya, ba neman gyaran dokar abinci ba. Amma ina ganin babu hanyar fassara faɗuwa daga kujeru 82 zuwa 65, a hannun gwamnatin da ake sa ran dawowarta makonni uku kafin nan, ba tare da sanya wannan lamari a tsakiya ba.

Abin da masu zaɓe suka hukunta, a fahimtata, shi ne kwanaki 31 na shiru fiye da gubar kanta. A ranar zaɓe babu wanda ya ga mutum ya kwanta asibiti saboda dayoksin, kuma kamfani mai zaman kansa ne ya gurɓata kitsen ba gwamnati ba. Abin da kowane magidanci ya iya lissafawa da kansa shi ne ƙwai nawa da kaji nawa iyalinsa suka ci tsakanin ƙarshen Afrilu da ƙarshen Mayu, lokacin da jami'ai suka sani shi kuma bai sani ba. Dalilin da aka bayar na kare kasuwa shi ne ya fi ɓata wa mutane rai, domin ya tabbatar musu da zargin da suka daɗe suna yi cewa idan muradin mai samarwa da na mai ci suka yi karo, ma'aikatar da ke tsakani ta san ɓangaren da za ta bi. Kasuwar ma ba ta tsira ba, domin jinkirin ne ya sa ƙasashen waje suka ƙi yarda da duk wata takardar shaida daga Beljiyam har sai da aka kawo sakamakon gwaji.

Masu zaɓen ba su nuna ƙyamar sa idon gwamnati a kan abinci ba, ƙari suka nema, kuma sun nemi ya fita daga hannun mai kare manoma. Sai dai zaɓen 2003 ya nuna cewa wannan buƙata ba ta daɗe tana jan ƙuri'a, kuma jam'iyyar da ta hau kanta ta shiga gwamnati ba ta samu sakayya ba bayan shekara huɗu. Gyaran ya ɗore ne saboda an mayar da shi doka cikin wata takwas, tun fushin jama'a bai huce ba, kuma saboda an gina shi a kan abubuwan da ake iya aunawa: gwaji mai araha, da rajistar kaya, da wajabcin sanarwa.

Ɓangaren da gyaran bai kai gare shi ba shi ne ainihin wanda ya jawo hukuncin 1999. Dokar ta tilasta wa kamfani ya yi magana da wuri, kuma a 2017 kamfanin ya yi, amma hukumar da aka kafa saboda jinkirin kwana 31 ta ɗauki kwana 48 kafin ta sanar da maƙwabta. Babu ministan da ya ajiye aiki saboda haka, kuma zaɓen tarayya mafi kusa yana gaba da kusan shekara biyu, a ranar 26 ga Mayu 2019.